Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo, Amma Fim Mai Zane Yake Bi

Wani ƙanena da ke karatun zanen gine-gine ya turo mini guntun bidiyo a WhatsApp, daga wani tsohon fim ɗin Amurka mai baƙi da fari. Wani dogon Bature ne tsaye a gaban kotu yana zuba jawabi. A ƙarƙashin bidiyon ƙanen nawa ya rubuta: "Yaya, ka ga namijin duniya. Haka ya kamata akitek ya zama, ba wanda kowane Alhaji zai juya son ransa ba."

Fim ɗin sunansa The Fountainhead, ya fito a 1949, an ɗauko shi daga littafin Ayn Rand na 1943, Gary Cooper ne ya fito a matsayin mai zane Howard Roark. Abin da ƙanena bai kula da shi ba shi ne laifin da ya kai namijin duniyar gaban alƙali. Nakiya ya dasa ya tarwatsa rukunin gidajen da ake gina wa masu ƙaramin ƙarfi, don kawai an taɓa masa zane. Ba a rage ƙarfe ba, ba a ha'inci siminti ba. Ado aka ƙara wa fuskar ginin wanda bai yi masa ba. Kotu ta sallame shi, fim ya ƙare yana tsaye a ƙololuwar wani dogon bene iska na kaɗa masa riga.

Talakawan da za su shiga gidajen nan kuwa, babu wanda ya tambaya inda suka kwana.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawancin finafinan da ake yi a kan masu zanen gini suna koya wa matasa jarumta a inda ba a buƙatarta. Suna nuna sassauci a matsayin cin amanar sana'a, alhali sana'ar kanta sassauci ce tun daga ranar da aka auna fili har ranar da aka miƙa makulli. Akwai wurin da ya wajaba mai zane ya kafe ko da zai rasa aikin, amma ba a kan kamannin bango ba ne. Kuma akwai mutanen da ya kamata a ji ta bakinsu, waɗanda kyamara ba ta cika waiwayarsu ba.

Gwani da mai kuɗi

Labarin kusan ɗaya ne kullum. Ga gwani wanda ya hango abin da sauran mutane ba su hango ba. Ga mai kuɗi, ko ɗan siyasa, ko kwamiti, waɗanda ba su san komai ba sai lissafi. Sai a yi ta ja-in-ja har gwani ya yi nasara ko a karya shi. Ko ta wacce ta ƙare, mai kallo ya san wanda zai tausaya wa.

Shekara 75 bayan wancan fim, aka sake dafa wannan tuwon da sabuwar miya. The Brutalist na Brady Corbet, wanda ya fito a 2024, ya fi na farkon hankali nesa ba kusa ba, kuma Adrien Brody ya ci kyautar Oscar da shi. Labarin László Tóth ne, wani ƙagaggen mai zane Bayahude ɗan Hungary da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi ya yi hijira zuwa Amurka. Wani attajiri a jihar Pennsylvania ya ba shi aikin gina wa jama'ar gari katafariyar cibiya don tunawa da mahaifiyarsa: ɗakin karatu, zauren taro, wurin motsa jiki da wurin ibada. Aka kawo wani mai zanen daban ya rage kuɗin aiki. Tóth ya ce a cire daga ladansa, amma kada a taɓa tsayin rufin.

Wurin nan yana taɓa zuciya, ban musa ba. Attajirin mugu ne, ya wulaƙanta shi wulaƙancin da baki ba zai iya faɗa ba. Amma a ƙarshen fim ɗin, a wani baje kolin gine-gine a birnin Venice a 1980, sai aka bayyana cewa ɗakunan cibiyar an auna su ne daidai da ɗakunan sansanonin da aka tsare shi da matarsa. Wato yaran garin da za su shiga karatu, da tsofaffin da za su shiga ibada, cikin tabon wani mutum za su riƙa zama ba tare da an gaya musu ba. Fim ɗin ya kai minti 215. Ba a ware ko minti biyar ba don a ji yadda mai amfani da ginin zai ji a cikinsa.

Mu ma muna da irin wannan labari tun kafin a ƙirƙiri sinima. Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ana ba da labarin cewa bayan ya gina wa wani sarki masallaci a Birnin Gwari sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Labarin baka ne, kuma irinsa yana yawo a ƙasashe da dama a kan magina daban-daban. Mutane suna son sa saboda yana da daɗin faɗa. Amma bakan gizon da ke riƙe da rufin masallacin Zariya ba daga faɗa da sarki ya fito ba. Ya fito ne daga sanin iyakar azara: tsawon da za ta iya ɗauka ba ta lanƙwashe ba, da yadda za a jera ta a ɗaure mataki-mataki cikin ƙasa har a haɗe sama. Gwanintar tasa ita ce ya san inda kayan aikinsa suka tsaya, ya yi musu biyayya.

"Ai fim ne, dole a yi rigima"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini. Wa zai biya kuɗi ya kalli mutane suna zaman sasantawa a kan faɗin baranda?

Amsata wani fim ne na ƙasar Ajantina, El hombre de al lado, wato mutumin maƙwabta, na 2009. Babu nakiya a cikinsa, babu kotu. Taga ɗaya ce tak.

An ɗauke shi a wani sanannen gida a birnin La Plata wanda shahararren mai zanen gini Le Corbusier ya zana, gidan da masu yawon buɗe ido ke tsayawa a titi suna ɗaukar hotonsa. Mai gidan a fim ɗin ɗan boko ne, mai zanen kujeru, mai ji da kansa. Wata safiya ya farka da ƙarar guduma. Maƙwabcinsa, wani mutum mai kaushin magana, yana fasa bango zai buɗe taga da ke kallon cikin gidansa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ɗan hasken rana kawai yake so, irin wanda ya yi wa maƙwabcin nasa yawa.

Daga nan har ƙarshe a kan ramin nan ake. A rufe, a rage, a sa leda, a mayar da ita siririya. Doka tana bayan ɗan bokon, amma kana kallo kana ganin ƙaryarsa da tsoronsa da raininsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcin kuma ba waliyyi ba ne. Ka rasa bayan wa za ka bi, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi ne ke riƙe ka a kujera.

Duk Bahaushen da ya kalli wannan fim zai ga unguwarsu. Mutum ya samu buɗi ya ɗora bene a cikin lungu, tagar sama ta buɗe kai tsaye a kan tsakar gidan maƙwabci, inda mata ke wanki da girki ba lulluɓi. Washegari sai ka ga an ɗaura tabarma ko tsohon buhu a saman katanga. Daga nan sai mai unguwa, sai limami, wani lokaci har kotu. Sau da yawa maganin ba ya wuce a ɗaga tagar sama da tsayin mutum, ko a juya ta gefen titi, ko a sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. Mai bene ya samu iskarsa, maƙwabci ya samu sirrinsa.

Malaman Malikiyya sun daɗe da zama a kan wannan. Wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini: taga mai leƙen maƙwabci, bangon tarayya, inda ruwan indararo zai zuba, hayaƙin gidan burodi. Duk a ƙarƙashin ƙa'idar nan ta hadisi cewa ba cuta ba cutarwa. Littafin cike yake da rigingimu na gaske da ya halarta a matsayin gwanin da alƙalai ke aikawa ya duba. Wanda ya ce babu labari a cikin sasanci bai taɓa zama a zauren mai unguwa ba.

To, Sydney fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu ra'ayin ƙanena, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba.

A 1957 wani ɗan ƙasar Denmark da ba a san shi sosai ba, Jørn Utzon, ya ci gasar zanen gidan waƙe-waƙe na birnin Sydney a Ostareliya. A 1966, bayan sabuwar gwamnatin jiha ta hau, ministan ayyuka Davis Hughes ya matse shi, ya riƙe masa kuɗi, har ya ajiye aikin ya bar ƙasar. Bai sake taka ta ba har ya rasu a 2008. An buɗe ginin a 1973. A 2003 aka ba shi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan sana'a, a 2007 kuma UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya. An yi finafinan gaskiya a kan wannan rigima, kuma kusan kowa ya yarda an zalunci mutumin. Ni ma na yarda.

Amma a duba labarin da kyau. Kuɗin da aka ƙiyasta da farko dalar Ostareliya miliyan 7 ne, aka ƙare a miliyan 102. Wani babban dalili shi ne gwamnatin farko, wadda ke ƙaunar Utzon, ta matsa aka fara aiki a 1959 tun zane bai kammala ba, don tsoron kada siyasa ta juya a soke aikin. Masoyansa ne suka haƙa ramin da maƙiyansa suka tura shi ciki. Wannan ba ya shiga cikin tatsuniyar gwani da jahili.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Rufin nan mai kama da filafilan jirgin ruwa, wanda duniya ke ɗaukar hotonsa, ba shi ne ainihin wanda Utzon ya zana a takardar gasa ba. Na farkon ya fi kwanciya, kuma kowane ɓangare da irin lanƙwasarsa. Injiniyoyin kamfanin Ove Arup sun shafe shekaru suna lissafi suka kasa samun hanyar gina shi da kuɗin da hankali zai ɗauka. Sai a farkon shekarun 1960 aka cimma mafita: a yanko dukkan ɓangarorin daga jikin ƙwallo ɗaya, yadda za a riƙa zuba haƙarƙarin kankare a cikin 'yan ƙira kaɗan ana maimaitawa. Utzon ya bar siffarsa ta farko ya karɓi wadda za ta ginu. Abin da ya fi kyau a ginin nan ɗan sassauci ne.

Akwai kuma Peter Hall, matashin mai zanen da ya karɓi aikin ya kammala cikin ginin. Abokan sana'arsa da yawa sun ɗauke shi maci amana. Shi ne ya zauna da matsalar da aka bar masa, ta yadda za a cusa kujerun da ake buƙata a ƙarƙashin rufin da aka riga aka gina. A ganina rayuwarsa ta fi ta Utzon dacewa da fim, domin irin aikinsa ne yawancin masu zane za su yi a duniya: su gaji abin da wani ya fara, da kuɗin da bai isa ba, su fitar da abin da za a iya shiga.

Sassaucin da ke kisa

Za a ce, to idan mai zane ya saba da cewa "to", ina zai tsaya? Yau taga, gobe ginshiƙi.

Gaskiya ne, kuma nan ne nake ganin finafinai sun yi asarar jarumtarsu. Wani fim ɗin kasuwa na 1974, The Towering Inferno, wanda ba wanda ke lissafa shi cikin finafinan masu zurfin tunani, ya fi su gano bakin zaren. Paul Newman ne mai zanen wani bene mai hawa 138 a San Francisco. Ya dawo daga tafiya ranar bikin buɗewa ya tarar surukin ɗan kwangila ya sauya wayoyin lantarkin da ya rubuta da masu araha. Daga waje ginin yana nan yadda ya zana shi, ko layi ɗaya ba a canza ba. Cikin bango aka yi ha'incin. Wuta ta tashi a hawa na 81 ana can sama ana shagali.

Roark ya fasa gini saboda an ɓata masa fuska. Wannan kuwa fuska lafiya lau, hanji ne ya ruɓe. Wanne ne ya fi kama da abin da ke faruwa a garuruwanmu?

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi, Legas, ya rufta ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu leburori da masu sana'ar hannu. Bayan faruwar abin ne wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da ƙarfin ginin ya rubuta tun farkon 2020, yana janye hannunsa daga aikin saboda ba zai iya ba da tabbacin ingancinsa ba. Ga mutumin da ya ce a'a a inda ya dace. Babu jawabi a kotu, babu kiɗa a bayansa, takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu. Kuma tambayar da ta biyo baya ta fi kowane fim nauyi: janyewa kaɗai ta wadatar, ko akwai ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa bayan haka?

Ba sai an je Ikoyi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ranar zuba kankaren dakin ya san yadda maganar ke tafiya. Zane ya ce rodi mai kauri kaza, tazara kaza. Mai gida ya je kasuwa ya ji farashi, ya dawo yana cewa, "Injiniya, a duba mana dai, ai gidan wane da ƙaramin aka yi kuma yana nan tsaye." Birkila na gefe yana gyaɗa kai, don shi ma so yake a ci gaba a biya shi. Buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo kaza sai a matse shi ya fitar da kusan ninki, ka taɓa bulon da farce yana zuba. An yi harsashi don hawa ɗaya, bayan shekara biyu kuɗi sun shigo, sai a ce a ɗora biyu a kai.

A nan ne nake son ganin taurin kan da ƙanena ke sha'awa. Amma abin da na lura da shi a wajen wasu matasan masu zane shi ne akasin haka. Zai yi fushi har ya daina ɗaga waya saboda Hajiya ta ce ba ta son launin toka a falo, ko Alhaji ya ce a ƙara masa zankwaye a saman ƙofar gida. Ranar zuba kankare kuwa ba ya wurin, ya tura yaro. Ya kashe duk harsashinsa a kan fenti.

Tela ma ya san wannan bambancin. Idan ka ce a faɗaɗa maka hannun riga, ko a rage aiki a wuya, zai yi ko da bai so ba, don kai za ka sa. Idan ka ce ya ɗinka da ruɓaɓɓen zare, tela mai mutunci zai miƙo maka yadinka.

Waɗanda ba a kira zaman ba

Akwai wani abin da tatsuniyar gwani da mai kuɗi ke ɓoyewa. Tana nuna kamar mutum biyu ne kawai a cikin maganar. Alhali wanda ya biya kuɗin gini sau da yawa ba shi ne zai wuni a ciki ba.

A 2008 Ila Bêka da Louise Lemoine suka yi wani fim ɗin gaskiya mai suna Koolhaas Houselife, a kan wani shahararren gida da Rem Koolhaas ya zana kusa da Bordeaux a Faransa, aka gama shi a 1998. An gina shi ne don wani mutum da haɗarin mota ya mayar da shi kan keken guragu, kuma a tsakiyarsa akwai wani dandamali mai girman ɗaki da ke hawa da sauka da shi tsakanin benaye. Dabara ce mai ban sha'awa. Amma masu fim ɗin ba mai zanen suka bi ba. Matar da ke share gidan suka bi.

Za ka gan ta tana jan injin shara a kan wata matsattsiyar matakala mai murɗewa, tana haki. Za ka ga ranar ruwan sama ana jera bokitai da kofuna a inda rufi ke zuba, ma'aikata na ta neman bakin yoyon. Ba ta zagin gidan, tana ma alfahari da shi ta wata fuskar. Amma ta san shi sanin da mai zanen bai yi masa ba. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan fim har bokitin aka nuna.

Haka The Pruitt-Igoe Myth na 2011 ya yi. Pruitt-Igoe rukunin benaye 33 ne masu hawa 11 a birnin St. Louis na Amurka, zanen Minoru Yamasaki, aka gama su a tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe su a 1972. Shekara da shekaru ana koyar da cewa zanen ne ya kashe wurin. Da aka zaunar da waɗanda suka rayu a ciki, sai labari ya canza. Da yawansu sun tuna farin cikin shiga sabon gida mai ruwa da wuta bayan fitowa daga unguwannin da ba su da ko ɗaya. Abin da ya ci wurin shi ne an ɗora kuɗin gyara a kan hayar talakawa, birnin yana ta zubar da jama'a da ayyukan yi, ga wariyar launin fata, ga wata doka da ta hana magidanci mai lafiya zama a gidan idan iyalinsa na karɓar tallafin gwamnati. Lif ya lalace ba mai gyarawa, shara ta taru. Ko gwanin gwanaye ne ya zana, haka za ta faru. Finafinan jarumta suna kumbura mai zane idan an yi nasara, masu suka kuma su ɗora masa komai idan an faɗi, duka biyun suna ba shi girman da ba nasa ba.

Kyakkyawar niyya ma ba ta isa ba. Hassan Fathy na Masar mutum ne da ya ba da rayuwarsa ga ginin ƙasa don talakawa. A shekarun 1940 gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gourna kusa da Luxor, don a kwashe mutanen da ke zaune a kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Ya gina gidaje masu sanyi da kyau, da masallaci da kasuwa. Mutanen da yawa suka ƙi komawa. Abincinsu yana can inda suke, kuma ba su ne suka nemi a tashe su ba. Aikin ya tsaya ba a kammala ba. Shi da gwamnati sun daidaita, waɗanda za su zauna ne ba su sa hannu ba.

Mu dawo gida. Wa ke zama da akitek idan za a gina gidan iyali? Maigida. Shi zai ce falo ya yi girma, a yi masa ɗakin baƙi, wurin ajiye mota ya ɗauki uku. Sai a kwafo kicin daga hoton intanet, ɗan ƙarami mai kabad har sama, buɗe yake kallon falo. Uwargida ba ta ga zanen ba sai ranar tarewa. Ba a yi wata shida ba za ka ga an kafa rumfar kwano a bayan gida, an jera murhu, an kawo turmi, domin tukunyar suna ko ta azumi ba za ta hau wancan ɗan risho ba, kuma ba mai soya manja a gaban baƙi. An zubar da zaure don ya tsufa, sai ga almajiri da mai gyaran famfo da abokin maigida duk suna ratsa tsakiyar iyali. An shafe tsakar gida da tayil an rufe sama, sai wutar lantarki ta ɗauke a watan Afrilu kowa ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma.

Wannan rumfar kwanon ita ce ra'ayin matar gida, wanda ya iso a makare saboda ba a nema ba tun farko. Mai zanen da zai ce ba zai ja layi ba sai ya zauna da ita, ko da ta bakin 'yarta ko ƙanwarta ne, ya fi Roark ƙarfin hali, don shi da wanda zai biya shi zai yi wannan jayayyar.

Ana yin haka, kuma ba nesa ba. A Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, mutanen gari sun so sabon masallaci babba a madadin tsohon na ƙasa da ya fara lalacewa. Masu zane Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ba su ce wa jama'a ba ku san darajar abinku ba. An gina sabon masallacin da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018, da hannun maginan yankin. Jama'a sun samu girman da suke so, tsohon gini bai faɗi ba. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré sai da ya sha fama kafin mutanen ƙauyensu su yarda a gina makaranta da ƙasa, don a wurinsu ƙasa ita ce abin da damina ke cinyewa. Ya saurari tsoron nasu, ya ƙarfafa bulon, ya ɗaga faffaɗan rufin kwano sama da ginin yadda zai kare bango daga ruwa iska kuma ta ratsa. An gama makarantar a 2001, shi kuma ya karɓi Pritzker a 2022.

A finafinanmu na Hausa gida yakan fito ne a matsayin shaidar arziki: ƙaton get, falon Alhaji, matakala mai walƙiya da jaruma za ta sauko a kai. Ga labarai nan zube ba a taɓa ba. Gidan gado da za a raba wa 'ya'ya tara, kowa na son ƙofarsa ta kalli titi. Ɗan da ke Saudiyya yana turo kuɗin gini, ƙaninsa na turo masa hoton gidan wani. Matashiyar injiniya da kawunta ne mai ginin, ya ce ta sa hannu a ƙara hawa ɗaya, ga mahaifiyarta na cewa kada ta kunyata su a dangi. Wannan na ƙarshen shi nake so wani darakta ya ɗauka, kuma ya bar kawun ya zama mutumin kirki wanda ya biya mata kuɗin makaranta.